Wuri a Cikin Mota

Karatu: Luka 2:1-7

Ƙaunatacce, wataƙila bana za ka kwashi iyali zuwa dam ɗin Tiga shan iskar Kirsimeti. Ku je lafiya. Hutu ba zunubi ba ne, muddin ba bashi aka ci ba.

In kun isa, dubi ruwan nan da kyau. Tun 1974 Tiga take tara ruwan damina, ta sake shi da rani, manoman Kadawa da Kura su sami shinkafa da tumatir. Kai fa, wa albarkarka take shayarwa? A ikkilisiyarku akwai gwauruwar da 'ya'yanta ba su taɓa ganin Tiga ba. An rasa wa Yesu masauki a Baitalami. Kada su rasa wuri a motarka.

Addu'a: Ya Uba, nuna mini yaron da zan ɗauka, cikin sunan Yesu. Amin.