Wane Taimako Ne Ya Fi Alheri?

Jama'a, ku dubi Dokta Scott Haldeman, likitan ƙashin baya, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya kuma tashi a Afirka ta Kudu. A 2008 ya kafa ƙungiyar World Spine Care, wadda ta buɗe ɗakin magani a Shoshong, ƙasar Botswana, tana kuma horar da 'yan ƙasa.

Hikimar wannan a fili take. Ciwon baya yakan dawo. Likitan da ya zo mako biyu ya koma gida ya sami yabo, amma majinyaci yana nan da wahalarsa. Saboda haka wajibi ne mai aikin sa kai ya tambayi zuciyarsa: in na tafi, wa zai duba wannan bawan Allah?