Waraka da Hanyar da Aka Bi Aka Same Ta

A shekarar 2012 an ba wani likita ɗan Japan, Shinya Yamanaka, kyautar Nobel tare da John Gurdon na Ingila. Labarinsa ya taɓo wata tambaya da kowane ɗan kasuwa ya sani: idan abin da kake nema alheri ne, kowace hanya ta halatta ke nan?

A jikin ɗan tayi na 'yan kwanaki akwai ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda za su iya zama fata, ko jini, ko jijiya. Masana sun hango waraka a cikinsu, sai dai ɗebo su yana lalata ɗan tayin. Yamanaka ya ba da labarin ranar da ya leƙa wani ɗan tayi ta madubin likita a asibitin abokinsa, sai 'ya'yansa mata suka faɗo masa a rai. Daga nan ya ƙudura neman wata hanya. A Jami'ar Kyoto, shi da ɗalibansa suka gwada sinadaran gado 24, suka tace har saura huɗu. Da su suka mayar da ƙwayar fatar ɓera irin ta asali a 2006, ta mutum kuma a 2007.

Wani zai ce, to marar lafiyar da ke kwance fa, ya yi ta jira? Maganarsa tana da nauyi, wanda ya yi jinya ya sani. Malamai ma sun yi saɓani kan hukuncin ɗan tayi a kwanakin farko. Kuma Yamanaka kansa ya amfana da binciken da wasu suka riga suka yi a kan 'yan tayi.

Duk da haka, a ganina abin koyi shi ne bai kashe damuwar zuciyarsa ba. Ya bar ta ta hana shi sakat har ta kai shi ga mafita. Mu kuwa, sau nawa muke cewa "ai haka kasuwa take" mu tauye mudu, ko mu ɓoye aibin kaya, da hujjar iyali na jira a gida? Iyali hakkinsu ne su ci, amma wannan "ba yadda za a yi" da muke faɗa, sau da yawa ba mu ko nema ba.

Allah ya tsarkake mana nemanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.