Littafi Guda Kowane Mako

A cikin 'yan shekarun nan wata al'ada ta yi ƙarfi a gidajenmu. Mutane da yawa, maza da mata, su kan karanta littafin labari guda kowane mako, waɗansu ma biyu. Waɗanda ba su da sukunin zama su kan saurara a wayar hannu, wani yana karanta musu, su kuwa suna ɗinki ko wanki ko tuƙi. Yawancin labarun nan iri uku ne. Akwai na bin sawu, watau inda aka yi kisa ko sata a ɓoye, a ke neman wanda ya yi. Akwai na tashin hankali, inda a ke guje-guje da harbe-harbe, zuciyar mai karatu tana ta bugawa. Akwai kuma na soyayya.

Dattawa su kan ce wannan duka ƙarya ce da ɓata lokaci. Samari da 'yan mata su kan ce ai hutu ne kawai, ba ya ƙara kome, ba ya rage kome. Mu dai muna gani maganar ta fi haka nauyi, ta kuma isa mu zauna mu auna ta da hankali.

Ko ƙage ƙarya ne?

Maƙaryaci yana so a ɗauki maganarsa gaskiya ce, domin ya cuci mai ji. Mai ba da labarin ƙage ba ya ɓoye kansa. Kakanninmu mata da suka yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare ba su ruɗe mu ba, gama tun daga buɗewa har rufewa kowane yaro ya san tatsuniya ce. Duk da haka daga bakinsu muka fara sanin ƙarshen mai haɗama da ladan mai haƙuri.

Rubutaccen labari ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A shekarar 1933 Rupert East, wanda ke kula da ofishin fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta labaru da Hausa. Daga cikinta aka sami littattafai 5, har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗaya daga cikinsu, Jiki Magayi, John Tafida na Wusasa ne ya rubuta tare da East, labari ne kuwa na soyayya da ramuwa: mai dukiya ya aure yarinyar da wani saurayi ke so, saurayin ya bi hanyar ɗaukar fansa a kan ɗan da aka haifa. Ashe tun farkon rubutun labari da Hausa akwai so, akwai laifi, akwai tashin hankali a ciki.

Daga baya, tun daga shekarun 1980, littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, mata da yawa kuwa suka shiga rubutu. A 2007 hukuma a Kano ta ƙone waɗansu daga cikin irin littattafan nan a gaban jama'a. Wutar ta ci takarda, amma ba ta ci marmarin labari ba. Yau labarun suna yawo a waya, a rubuce da kuma a murya, inda ashana ba ta kai. Wannan ya nuna mana hani kaɗai ba ya warkad da kome. Abin da ya rage mana shi ne mu koyi rarrabewa.

Ma'aunin da ya fi

Mutane su kan auna littafi da abin da ke cikinsa, su ce wannan akwai kisa, wancan akwai zina, saboda haka mugu ne. Ma'aunin nan bai isa ba. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye kisan Habila ba, bai ɓoye zunubin Dawuda ba. Labarin Yusufu yana da makirci da kurkuku da asirin da aka tona a ƙarshe. Labarin Rut na ƙauna ne da aminci. Ambaton mugunta dabam, sa mutum ya so mugunta dabam.

Ma'aunin da mu ke ba da shawara shi ne wannan tambaya: sa'ad da mu ke cikin labarin, me zuciyarmu ke fata ya faru? Wa mu ke goyon baya?

Mu tuna da annabi Natan cikin 2 Sama'ila sura 12. Da ya je wurin Dawuda bai fara da tsawa ba. Ya ba shi labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke wa mai arzikin hukunci, sa'an nan ya gane kansa ya yanke wa. Labarin ya shiga inda gargaɗi ba zai shiga ba, domin ya ja zuciyar sarki ta tsaya a gefen wanda aka zalunta. Ikon labari ke nan: ya kan koya wa zuciya abin da za ta so da abin da za ta ƙi, tun hankali bai farga ba. Ikon da ya kai Dawuda ga tuba, in ya faɗa hannun wani marubuci, ya isa ya kai mutum ga sha'awar abin da zai hallaka shi. Wanda ke karanta littafi guda kowane mako ya sa zuciyarsa makaranta sau 52 a shekara. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Labarin bin sawu

Irin wannan labari ya kafu ne a kan abu biyu: ran mutum yana da daraja, gaskiya kuma tana samuwa in an neme ta. In da kisa ba kome ba ne, da ba wanda zai bi shafi 200 yana neman mai laifi. Edgar Allan Poe na Amurka ne a kan ce ya buɗe wannan hanya a 1841. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Agatha Christie ta Ingila ta fara a 1920, ta rubuta littattafan bin sawu 66. A 1910 G. K. Chesterton ya ƙago wani limamin Katolika, Fada Brown, wanda ke gane mai laifi domin ya san zuciyar ɗan Adam, burinsa kuwa mai laifin ya tuba. Har wani shahararren ɓarawo cikin labarun ya bar sata ya zama abokinsa.

Mai karanta irin wannan ya kan koyi haƙuri da shaida. Sau da yawa wanda kowa ya zarga tun farko ba shi ne ya yi ba. Darasin nan muna bukatarsa ƙwarai a garuruwanmu, inda ihun “ɓarawo” kaɗai ya isa a taru a kan mutum kafin a tambaye shi sunansa. Amma akwai haɗari. In mun kai inda gawa ta zama mana kamar kacici-kacici, ba mu jin tausayin matar mamacin ko 'ya'yansa, to, labarin ya fara daskarar da mu.

Labarin tashin hankali

A nan ne ma'aunin ya fi aiki. Akwai labarin da ke sa mu tsaya tare da mai rauni, muna fata ya tsira, muna girmama wanda ya sa ransa cikin hatsari domin wani. Akwai kuma wanda marubucinsa ya yi dabara har mu sami kanmu muna addu'a ɗan fashi ya kuɓuta da jakar kuɗi, muna jin haushin ɗan sandan da ke binsa. Ko da a shafin ƙarshe an kama shi, mun riga mun kwana uku muna sonsa. Hukuncin shafi guda ba ya wanke sha'awar shafi 300. Saurayin da ba shi da aiki, in ya sha irin wannan mako bayan mako, zai fara ganin mai neman halali wawa ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Labarin soyayya

Kada mu raina wannan. Allah ne ya yi so tsakanin namiji da mace, ba abin kunya ba ne a rubuta shi. Littattafan Kano da yawa sun faɗi abin da mata suka daɗe suna haɗiyewa: auren dole, sakin wulakanci, hana yarinya karatu. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990, an nuna matar da miji ya kora da 'ya'yanta, ta riƙe su da sana'ar abinci. Namijin da ya karanta wannan da zuciya ɗaya zai koma gida ya dubi matarsa da wani ido.

Amma akwai wani iri, ko na Turawa kamar yawancin na kamfanin Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, ko namu na gida, wanda ke ƙarewa ran biki. Saurayin kullum kyakkyawa ne, mai mota, mai daɗin baki. Ba a nuna shi yana neman kuɗin makaranta, ba a nuna shi da zazzaɓi. Aure na gaskiya kuwa daga inda littafin ya rufe ya ke farawa. Macen da ta saba da mutumin takarda za ta iya duban mijinta da ya dawo daga gona da ƙura, ta ji ya gaza. Haka kuma namiji ga matarsa mai goyo. Ba wanda ya yi laifi a gidan, amma godiya ta fita, gunaguni ya shigo. Gidaje sun fi mutuwa ta wannan hanya a hankali fiye da ta babbar fitina. In mun rufe littafi muka ji mun ƙara ƙaunar wanda Allah ya ba mu, littafin ya yi mana alheri. In mun ji mun raina shi, mu san mun sha guba mai zaƙi.

Ido da kunne

Littafi mai magana alheri ne tun asalinsa. A Ingila an fara rarraba shi a faifan garmaho a 1935, musamman domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko, cikin na farkon kuwa har da wani labarin Agatha Christie. Yau ma makafi, da tsofaffin da idonsu ya yi rauni, da waɗanda ba su sami zuwa makaranta ba, suna cin moriyarsa. Mu da muka tashi da tatsuniya da rediyo ba za mu zargi kunne ba.

Duk da haka akwai bambanci. Ido yana da marfi, kunne ba shi da shi. Mai karatu da ido ya kan tsaya, ya koma baya, ya tsallake abin da bai dace ba. Mai saurare hannunsa yana cikin kwaɓi, muryar tana ta zuba, ya ji abin kafin ya yanke shawara ko yana so ya ji. In kuma an buɗe muryar a tsakar gida, yara suna ji tare da mu, ko da mun ga kamar wasa su ke yi.

Akwai wani abu kuma. Dā lokacin aikin hannu shi ne lokacin tunani, da waƙa, da hira. Uwa tana tsince shinkafa, 'yarta tana gaya mata abin da ke damunta. Yanzu uwa ta toshe kunne, 'yar ta zo ta tsaya, ta ga ba dama, ta koma. Zuciyar da ba ta samun shiru ko kaɗan ba ta da lokacin da za ta bincika kanta.

Mu yi lissafi

A ce littafi guda ya ci awa 10. A shekara ya zama awa 520, watau ya fi kwana 21 dare da rana. Ba mu ce wannan ya yi yawa ga kowa ba. Mutum yana bukatar hutu, labari mai kyau kuwa ya fi tsegumi a bakin hanya nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce, daga aljihun wa aka ɗebo awoyin nan? In daga zaman banza ne, madalla. In daga barcin da jiki ke bukata ne, ko daga gaishe da mara lafiya, ko daga duba karatun yara, ko daga addu'ar iyali, to, bashi ne muka ci, za a kuwa biya.

Saboda haka, 'yan'uwa, ba mu ce a ƙone littafi ba, ba mu kuma ce a haɗiye kowane ba. In mun gama littafin wannan mako, kafin mu ɗauki na gaba, mu tsaya kaɗan mu tambayi kanmu wa muka goyi baya, me muka yi fata, da wane ido kuma mu ke duban mutanen gidanmu yanzu. Iyaye su karanta abin da 'ya'yansu ke karantawa, su yi hira a kai maimakon faɗa. Wanda ya sami labari mai kyau ya karanta wa tsohuwar da ba ta gani. Wanda kuwa ya ga wani littafi yana jan zuciyarsa inda bai kamata ba, ya ajiye shi ko da saura shafi 10, gama ba dole ba ne mu san ƙarshen kowane labari. Waɗanda Allah ya ba baiwar rubutu a cikinmu, su ma su tashi su bi sawun John Tafida, su rubuta labarun da za su riƙe mai karatu har tsakar dare, ya wayi gari ya fi jiya tausayi da son gaskiya.

Allah shi ba mu hikimar zaɓe.