Rubutun Jikin Kwalba da Amanar Ciniki a Mahangar Shari'a

Daga cikin tambayoyin da suka cancanci nazarin masana fiƙihun kasuwanci a wannan zamani akwai matsayin dokokin da hukuma take kafawa kan ingancin abinci da magani, da bayanin da take tilasta a rubuta a jikin kwali ko kwalba: shin al'amari ne na mulki kawai wanda ake bi don gudun tara, ko kuwa wajibi ne na addini wanda mai keta shi yake ɗaukar zunubi ko da babu jami'in da ya gan shi? Tambayar tana da nauyi, domin ana samun ɗan kasuwar da ba ya wasa da sallar jam'i, amma yana ɗaukar sauya ranar ƙarewar wa'adin magani a matsayin dabarar kauce wa asara.

Asalin hukuncin sananne ne. Malamai sun haɗu a kan haramcin algus, wato cakuɗa kaya mai kyau da marar kyau, da kuma tadlisi, wato ɓoye aibin kaya ga mai saye, kuma sun kafa hujja da hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsi ya tarar ƙasansa a jiƙe, sannan ya yi kakkausan gargaɗi ga mai ha'inci. Haka kuma shari'a ta hana cinikin garari, wato wanda ake ƙulla shi bisa jahiltar haƙiƙanin abin da ake saye, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan aibi ya bayyana.

Abin da ya sauya shi ne yanayin kayan. Mai sayen gero yana iya dumbuza ya duba, mai sayen nono yana iya ɗanɗanawa, amma uwar da ta karɓi kwalbar magani a kemis ba ta da wata gaɓa a jikinta da za ta gane abin da ke ciki, kuma damar mayar da kaya ba ta amfana mata komai bayan yaro ya sha. Saboda haka rubutun da ke jikin kwalbar, mai ɗauke da sunan sinadarai da adadin da za a sha da ranar ƙarewar wa'adi da lambar rajista, shi ne ya maye gurbin bayanin da shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya yi da bakinsa, kuma duk ƙaryar da ke cikinsa tana ɗaukar hukuncin ƙaryar da aka faɗa ido da ido.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan wannan amana ta tozarta. A ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya bayan shan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gano yana ɗauke da dayatilin gilaikol, wani sinadari na masana'antu mai zaƙi-zaƙi da ke lalata ƙoda, kuma a 2013 wata kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin da ya haɗa maganin, su biyu, ɗaurin shekara 7. Wannan sinadari ne ya halaka mutane fiye da 100 a Amurka a 1937, abin da ya kai ga dokar 1938 da ta wajabta tabbatar da rashin cutarwar magani kafin a fitar da shi kasuwa, kuma yana cikin gubar da aka samu a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. A duk waɗannan wurare babu mai sayen da zai iya gano gubar da idonsa, sai ɗakin gwaji.

Daga nan ake fahimtar matsayin hukuma. Musulunci ya san aikin hisba, wato sa ido a kan kasuwa da mu'amalar jama'a, wanda ake ɗora wa jami'in da ake kira muhtasibi. Malamin Malikiyya Yahya ɗan Umar ya rubuta littafi kan hukunce-hukuncen kasuwa tun ƙarni na 9, kuma Shaizari a ƙarni na 12 ya ware babuka kan masu burodi da mahauta da masu haɗa magunguna, yana bayyana hanyoyin gano algus ɗinsu. Aikin da aka kafa hukumar NAFDAC ta Najeriya dominsa a 1993, na gwada abinci da magani da yi musu rajista, reshe ne na wannan aiki, kuma farilla ce ta kifaya, wato wajibin da idan wasu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, idan kuwa aka bar shi kowa ya yi laifi. Kasancewar hukumar ba ta ɗauke da sunan addini bai rage komai ba, domin kare rai yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a.

Akwai masu cewa ajali idan ya zo babu makawa, don haka wanda ya mutu da jabun magani kwanansa ne ya ƙare. Imani da ƙaddara gaskiya ne, sai dai ba ya ɗauke alhaki daga wanda ya zama sanadi, in ba haka ba da shari'a ba ta wajabta diyya a kan kisan kuskure ba. Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi, cewa kuɗin rajista da wahalar bin ofisoshi sun fi ƙarfin mai sana'ar zoɓo ko ƙuli-ƙuli ko mai maganin gargajiya. Wannan ƙorafi yana ɗora wa hukuma nauyin sauƙaƙa hanya da kusanto da ita ga masu ƙaramin jari, da samar da bayani cikin harshen da mai saye yake karantawa, amma ba ya halatta wa kowa buga lambar bogi ko nunar da ayaba da kabayid ko zuba wa wake maganin ƙwari mai guba.

Hukuncin da ya fito daga wannan bayani shi ne cewa bin dokar ingancin abinci da magani wajibi ne na addini gwargwadon cutarwar da take karewa, kuma alhakin ya rataya a kan mai haɗawa da dillali da mai kemis da jami'in da ya karɓi na goro ya sa hannu. Ya dace malamai su riƙa karantar da wannan babi a masallatan kasuwanni kamar yadda suke karantar da hukuncin riba da tauye mudu.