Wa Ke Riƙe da Makullin Ƙofar Ruwa?

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa, ko Kura, ko Bunkure, ya san cewa ruwan da ke raya gonarsa ba a hannunsa yake ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, manomanmu suka sami albarkar shinkafa da alkama da tumatir, amma kuma suka koyi zaman jiran ranar da za a buɗe ƙofar ruwa da ranar da za a rufe ta. Mun kawo wannan misali ne saboda wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya a nan Kumbotso da ƙauyukan da ke kewaye da mu, wadda ta shafi jikin matanmu.

Tazarar haihuwa dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ƙyamaci kunika, sun kan tura mai jego gidan iyayenta ta huta, ba su kuma gaggawar yaye, sannan malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin azalo. Saboda haka ba za mu ɓata takarda a kan wannan ba.

Abin da yake sabo shi ne hanyoyin da ke daɗewa a jiki. Mai shan ƙwaya, ranar da ta ga dama ta daina. Mai allurar wata uku, in ta ƙi komawa, ƙarfin allurar zai gushe da kansa. Amma abin nan da mata ke kira ashana, wanda ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse, yana sakin sinadarin da ke hana fitar ƙwan haihuwa har shekara 3 idan Implanon ne, ko shekara 5 idan Jadelle ne mai tsinke biyu. Robar mahaifa mai jan ƙarfe kuwa tana kai shekara 10. Ga matar da ke wuni gaban tukunyar turara shinkafa, wadda zuwa asibiti ke cin kuɗin babur da aikin yini guda, wannan sauƙi ne babba. A 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince a horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su riƙa saka ashana, ta haka abin ya iso ƙananan asibitocin karkara inda babu likita. Mun yaba da wannan, ba ma kuma jin nauyin faɗa.

To amma fa, ya kai mai karatu, mace ba ta iya cire ashana da kanta. Sai an kashe zafin wurin da allura, an tsaga fata kaɗan, an zaro ta da hannun da ya ƙware. Ashe ke nan ranar da ta miƙa damtsenta, ta miƙa makullin ƙofar ruwanta ga wani.

Wata ƙanwarmu, uwar 'ya'ya huɗu, an saka mata a ranar wani gangami, kyauta, cikin fara'a. Bayan 'yan watanni jini ya rikice mata, yau ya zo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo. A wurin ma'aikacin lafiya wannan sanannen abu ne da ba ya kisa. A wurinta kuwa, ta rasa gane haila ce ko istihala, ta yi salla ko ta bari, ta ɗauki azumi ko ta aje, ga maigida ya fara tsuke fuska. Ta koma sau uku tana neman a cire. Farko aka ce ta yi haƙuri jiki zai saba, na biyu aka ce mai cirewar ba ta nan, na uku aka ce babu kayan aiki.

Mun san ma'aikacin yana da hujjarsa, ba kuma ƙarama ba ce. Ya ga matan da haihuwar kusa da kusa ta cinye wa jini, ya san in ya cire, mai yiwuwa ta dawo da ciki nan da 'yan watanni, domin haihuwa na dawowa da wuri bayan cirewa. Tausayi ne ya sa yake jan ƙafa. Sai dai mu malaman makaranta mun san irin wannan tausayi, wanda ke sa mu yanke wa ɗalibi abin da ya dace da shi ba tare da mun saurare shi ba. Shi ɗalibi yaro ne. Ita kuwa baliga ce mai hankali, kuma yardar da ta bayar ran sakawa ba ta sayar da jikinta na shekara uku ba. Abin da ta ba shi ajiya ce, mai ajiya kuma ba ya cewa ya fi mai kaya sanin ranar da ya kamata ya karɓi abinsa.

Kada kuma a manta inda muke. Kano ce aka yi gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Kano ce kuma aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, sai a 2004 aka ci gaba. A irin wannan ƙasa, mace guda da aka ƙi cire wa ashana za ta ba da labarinta a gidan biki da gidan suna, kuma za a yarda da ita fiye da duk wata sanarwar rediyo. A ganinmu, asibitin da ba shi da hannun cirewa da kayan cirewa a kowane mako bai kamata ya saka ba, kuma a gaya wa mace batun rikicewar jini tun kafin a taɓa fatarta.

Ita ƙanwar tamu sai da mijinta ya sayar da kwando biyu na tumatir ya kai ta birni aka cire. Da muka tambaye ta ko za ta sake, sai ta ce abin ya hutar da ita, kuma za ta sake, in dai wadda ta saka mata za ta same ta a wurin ranar da ta dawo.