Rigar da Ke Jikinka, 'Yar Ina Ce?

Akwai wata tambaya da matasa masu kishi suka fara yawan yi a 'yan shekarun nan, musamman idan salla ta gabato: a ina mutum zai sami tufafin da aka yi a gida, ya saya, kuɗinsa su tsaya a hannun 'yan ƙasarsa? Niyya ce mai kyau. Sai dai wanda ya shiga kasuwa da ita, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Kantin Kwari ta Kano, ba zai jima ba zai gane cewa kalmar "gida" ɗin nan ta fi yadda ya zata wuyar kamawa.

Ɗauki babbar rigar da alhaji ya sa ya tafi masallacin Idi. Shaddar, in ta gaske ce, daga masaƙar Getzner ta fito, a ƙasar Ostiriya. In kuwa mai sauƙin kuɗi ce, daga Sin. Wataƙila a Bamako aka rina ta. Telan unguwa ne ya yanka ya ɗinka, wani kuma ya share makonni yana yi mata aikin hannu a wuya da aljihu, mabuga suka buge ta har ta yi ƙyalli. To, 'yar ina ce wannan riga? Atamfar da mata ke alfahari da ita ma sunanta ya tona asirinta, tun da Holan ake ce mata, kuma kamfanin Vlisco da ke buga ta yana garin Helmond tun 1846. Auduga kuwa, ga ta nan jibge a Mali da Burkina Faso da Benin da Chadi, amma mafi yawanta gurzawa kawai ake yi a ɗaure a tura bakin teku. Kaɗi da saƙa, inda ribar take, a wata nahiya ake yin su.

Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi: saƙar ƙasar da rininta suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Turkuɗin garin Kura shi ne rawanin da Buzu ke taƙama da shi a Agadas. A nan ne nake ganin tambayar ta fi daɗin tunani a gare mu mazauna wannan gefen iyaka. Idan Bamaraɗe ya sayi zanen da aka rina a Ƙofar Mata, a takardar kwastan kayan waje ya saya. Amma marinin da ya yi aikin harshensu ɗaya, wataƙila ma kakanninsu ɗaya. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta kai marinar tsufa ba, ko kusa. A ganina duk wanda zai auna "na gida" da tuta kaɗai ya ɗauki ma'aunin da bai dace da mu ba.

Sai maganar masaƙun zamani, wadda gajeriya ce domin labarin mutuwa ne. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran na unguwar Kakuri suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Ta Yamai ma, wadda aka sani da Sonitextil, ta zama tarihi. Rashin wutar lantarki, tsofaffin injuna, fasa-ƙwauri da atamfa mai arha daga Asiya, su suka taru suka kashe su.

Yanzu ga ainihin abin da ke damuna. Shin wajibi ne a kan mutum ya sayi na gida ko da ya fi tsada? Masu cewa wajibi ne suna da hujja mai ƙarfi. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma kowane turmin atamfa da ka saya daga waje, albashin wani ne da ba a biya ba a garinku. Amma a dubi magidanci mai 'ya'ya bakwai, ga salla saura kwana goma, ga hatsi ya yi tsada. Atamfar Sin da dilar gwanjo su ne suka rufa masa asiri, su suka sa 'yarsa ta fita cikin sa'o'inta ba tare da kunya ba. Wanda zai tsaya a kansa yana masa wa'azin kishin ƙasa, alhali shi yana sanye da shaddar da kuɗinta zai ciyar da gidan wancan wata guda, bai yi adalci ba. Haƙƙin iyali yana gaba da haƙƙin masaƙa. Nauyin yana kan wanda ke da zaɓi: mai hali, da ma'aikacin da ke ɗinka sababbin kaya kowane biki, da hukuma da ke sayen kayan 'yan makaranta da na soja dubu-dubu.

Thomas Sankara ya gwada hanyar tilas. Ya wajabta wa ma'aikatan Burkina Faso sa saƙin ƙasarsu, Faso Dan Fani, kuma a taron shugabannin Afirka na Addis Ababa a 1987 ya nuna tufafin da ke jikinsa, ya shaida musu manoma da masaƙan ƙasarsa ne suka yi su. Mata masu saƙa sun sami kasuwa, wannan gaskiya ne. Amma mutane sun laƙaba wa rigar suna "Sankara na tafe", domin wasu a aljihun tebur suke ajiye ta, sai sun ji motsin shugaba su zura. Gana ta bi ta lallami, a 2004 ta ware Juma'a don sa kayan gida, sai ga kasuwa ta cika da atamfar waje da aka kwaikwayi zanen masaƙun Gana aka buga.

Wannan ya kawo ni ga ɗan kasuwa, wanda a wurina shi ne ya fi kowa ɗaukar alhaki a wannan batu. Mai saye ba ya iya bin zare har gonar auduga. Abin da ke gefen turmi kawai yake karantawa, shi kuma rubutun nan ana buga na ƙarya. Wanda ya san daga inda kayansa suka fito, ya kuma ce wa mai saye na gida ne, ya yi algus, kuma ya cuci mutum biyu a ciniki ɗaya: wanda ya biya don kishi, da masaƙin da aka sayar da sunansa. Haka nan "na gida" ba ya wanke kowa. Telan da ke tsare yara almajiransa su kwana a kan keke har asuba a daren salla ba tare da ko sisi ba, ɗan gida ne shi ma.

Saboda haka ni na fi son a riƙa tambayar hannu nawa na kusa suka taɓa rigar, kuma an biya su ko ba a biya ba. Gwado da luru da saƙin ƙauye har yanzu ana samunsu a kasuwannin mako, daga hannun wanda ya saƙa su. Hular hannu, mace ce a cikin gida ta yi kwanaki tana ɗinka ta. Yadin waje ma, idan marinin gari ya rina, telan gari ya ɗinka, wani kaso mai kauri na kuɗin ya tsaya a unguwa, ba kamar riga ɗinkakkiya da aka sauke daga kwantena a Kwatano ba.