Yaron da muka yi wa liƙi jiya

Duk wanda ya taɓa halartar bikin rufe makaranta a Bebeji ko Ƙiru ya san lokacin da fili ke ɗaukar zafi. Ana gama jawabin shugaban makaranta sai a kira 'yan ƙungiyar al'adu. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya rataya kalangu, 'yan mata su jeru suna amshi, mu kuwa iyaye mu miƙe muna liƙa masa naira hamsin-hamsin a goshi. Washegari in yaron nan ya ce yana son ya ci gaba da kiɗa, mu ne za mu fara tsawata masa: "Gidanmu ba gidan maroƙa ba ne."

Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: adalci ne mu ji daɗin abu, mu kuma raina mai yin sa? Ba ma gayya a gonakin Tudun Wada ta yi armashi sai da gangar noma, ba ma kai amarya sai da kalangu, mafarautan yankin Doguwa kuma suna da masu garayarsu. Amma a tsarinmu na gargajiya makaɗi yana can ƙasa, har wasu gidaje ba sa ba shi aure. Mamman Shata na Musawa, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Yau da shi muke tinƙaho.

Tsoron iyaye dai ba na banza ba ne. Sun ga yaran da suka bi makaɗa suka bar karatu, suka saba da kwanan gidan biki da shaye-shaye. Sun san waƙar zambo tana zubar da mutuncin mutane. Malamai kuma sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, kuma uban da ya bi fatawar hani yana da hujjarsa, ba ma zarginsa. Maganarmu da wanda ya yi rawa jiya ne, ya wayi gari yana ƙyama.

In muka duba da kyau, abin da ke ƙasƙantar da makaɗi shi ne dogaro da hannun mai bayarwa. Wanda abincinsa ke aljihun wani dole ya yabi wanda bai cancanta ba. To, wa ya koya wa yaron nan haka? Mu ne, ranar da muka liƙa masa kuɗi. Mun nuna masa cewa sakamakon kiɗa yana wurin mai babbar riga, sai ya daina sauraron kalangunsa, ya koma kallon aljihu.

A Benezuwela, José Antonio Abreu ya fara tara yara a 1975 yana koya musu kiɗa a ƙungiya, shirin da ake kira El Sistema, wanda ya kai ga 'ya'yan talakawa masu ɗimbin yawa. Abin da aka ba su shi ne malami da kayan kiɗa da lokacin atisaye. Mu ma muna da irin wannan tarbiyya a Islamiyyunmu, inda yara ke haddace waƙoƙin bege su rera ranar sauka, a yaba musu, ba wanda ya kira su maroƙa.

Saboda haka in bikin bana ya zo, mu tara kuɗin liƙin mu miƙa wa makaranta ta sake fatar ganguna, ta sallami dattijon makaɗin gari da zai riƙa koyar da yaran. Shi kuma yaron, in ya sauko, mu kira sunansa, mu gaya masa inda ya gyara da inda hannunsa ya zame, kamar yadda muke yi wa wanda ya ja baƙi.